Rijiya ta Uku

Shekaranjiya masu haƙar foraji, wato rijiyar burtsatse, suka zo bayan gidanmu a nan Magariya, da wata ƙatuwar mota mai ruri kamar za ta tsaga ƙasa. Yaran unguwa duk suka kewaye su. Ni kuwa na fito ne in janye jikokina daga wurin, don ba na wasa da rami, kowa a gidan nan ya san haka. Ina isowa injin ya fara amayo yashi daga can ƙasa, fari tas, jiƙaƙƙe, mai sanyi, sai ƙamshinsa ya buge ni. In ba ka taɓa shaƙar yashin gindin rijiya ba, da wuya in kwatanta maka shi. Ba irin ƙamshin ruwan farko ba ne da kowa ke so. Wannan ya fi nauyi, ya fi kama da na sabuwar randa da aka daɗe da rufewa. Na tsaya riƙe da hannun yaro na manta abin da ya fito da ni, har sai da ya ce ina matse masa yatsu.

Ƙauyen da aka haife ni yana gabas da Dantchiao, in ka nufi wajen Dungas. Ƙasar yashi ce, tudu bayan tudu, gawo tsaye cikin gonaki, sai kwari can ƙasa inda goriba ke yin duhu, inda masu hali ke noman rake da rogo da rani. Gidanmu ne na ƙarshe a gefen gari, kuma mu kaɗai ne Kirista. Mu huɗu ne: ni, da Inna, da Baba, da mahaifin Baba da nake kira Kaka.

Kaka mahaƙin rijiya ne. Yana saurayi ya tsallaka Najeriya ci-rani, can ya ji bishara ya ba da gaskiya. Da ya dawo garinsu, 'yan'uwansa suka ce ba shi da rabo a gonar ubansu. Bai ja da su ba. Ya ɗauki daginsa da igiyarsa ya shiga duniya, yana haƙa wa mutane rijiya gari gari, har tsohon mai garin ƙauyenmu ya kira shi. Shi ya haƙa rijiyar garin da kowa ke sha. Da ruwa ya fito, mai gari ya ji daɗi, ya ba shi wurin kafa bukka, ya kuma ba shi aron gona a bakin kwari.

Ka riƙe wannan kalma ta aro, don a kanta komai ya tsaya. A wajenmu gonar aro tana da dokarta. Ka shuka gero, ka girbe, ka kai wa mai gona dami na godiya, ko shekara nawa za ka yi. Amma ba ka dasa itace a cikinta, ba ka kuma haƙa rijiya, domin itace da rijiya su ne ke shaida cewa wuri na mutum ne. Jikanka zai iya tashi gobe ya nuna rijiya ya ce kakana ya haƙa, kuma ba mai ƙaryata shi. Don haka mutumin da gari duka ke kira Mai Rijiya ya tsufa ba shi da ko ɗaya tasa. Abin da muke so a duniya ke nan, ko da yake ban san sunansa ba a lokacin: ruwan kanmu, a wurin da ba mai ce mana ku tashi.

Kada ka ɗauka mutanen garin mugaye ne. Matar liman takan aiko mana da nama da sallar layya, mu kuma mu aika musu da shinkafa da Kirsimeti. An yi suna da mu, an yi biki da mu. Sai dai Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma a bakin rijiya ake tuna maka wane ne kai. Ɗibar ruwa tana da tsari: matan gidan mai gari, sai na tsofaffin gidaje, sai sauran, sai mu. Akwai ma wata tsohuwa da takan ɗauraye bakin rijiya in gugan Inna ya taɓa shi. Inna ba ta taɓa tanka mata ba. Ni ce mai baki, ni nake murguɗa mata shi, in sha rankwashi a hanyar gida.

Kaka yana kirana amarya, kamar yadda kakanni ke yi da jikokinsu mata, ni kuma ba na raga masa. Nakan ce, "Wane irin miji ne kai? Ka shayar da gari, amaryarka tana bin layi." Sai ya yi dariya har haƙoransa biyu da suka rage su fito, ya ce ai don kada in yi ƙiba ne in fi ƙarfinsa. Hannuwansa sun yi kanta kamar bayan kunkuru, igiyar kaba ta ci tafinsu ta bar layuka. Wata rana yana tufkar igiya a inuwar zaure na tambaye shi abin da mutum ke gani in yana can gindin rijiya.

Ya ce, "Ba komai, amarya. Sama takan koma kamar faifai. Wanda ke riƙe da igiyarka ma ba ka ganin fuskarsa, rana na bayansa. Kana dai jin igiyar a ƙugunka, shi ke nan, sai ka ci gaba da haƙa."

Na ce, "In ya saki fa?"

Ya ce, "Mai igiya ba ya saki."

Sai aka yi wata shekara da damina ta yi rowa. Gero ya yi kai bai cika ba, tafkuna suka ƙafe tun ba a gama girbi ba. Da rani ya yi nisa rijiyar gari ta ja baya, har sai an jira ruwa ya tsatso kafin a jefa guga. Mata suna zaune a kewaye da ita tun safe, kowa da tulunta, ba mai hira. Kafin layi ya zo kanmu rana ta take, abin da ya rage kuma laka ce, sai an tace da ɗankwali. Inna tana da ciki a lokacin. Ina tuna ta tana hawo tudu da rabin tulu a ka, ƙafafunta sun kumbura, leɓenta ya tsage, tana tsayawa tana dafa ƙugu. Baba yakan kalle ta ya kau da kai. Mutum ne mai zafin zuciya, ni na gado shi, amma a gaban mahaifinsa ba ya ɗaga murya.

Tsohon mai gari ya riga ya rasu, ɗansa ke kan gari. Kaka ya je ya durƙusa masa ya roƙi izinin haƙa 'yar rijiya a gonar aro, don mai ciki. Mai gari ya ce, "Haba Mai Rijiya, ai kai namu ne. Je ka haƙa." Su biyu ne kawai a zauren, ba shaida, kuma Kaka ya ji kunyar neman shaida a kan maganar babba.

Ƙasar kwari ba ta da wuya. Ba su daɗe ba suka tarar da ruwa. Na tuna ranar, Inna ta wanke kanta ta wanke nawa, ta wanke kayanmu duka ta shanya a kan dangar kara, gidan ya cika da ƙamshin sabulu. Ba mu yi mako muna wannan daɗi ba sai ga ƙannen mai gari a ƙofar gida, babbansu a gaba, wani dogo mai tsage a kunci. Bai yi zagi ba. Ya ce yau rijiya ce, gobe jikoki su ce gona tasu ce, su kuma me za su gaya wa nasu 'ya'yan? An karya dokar aro, don haka suna son gonarsu. Aka je gaban mai gari, ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa, ya ce shi bai tuna sun yi magana dalla-dalla ba.

Baba ya ce a tafi Magariya gaban sarki. Kaka ya ce ba ya shari'a da gidan da ya ba shi masauki. Gona ta tafi, rijiya ta bi ta, aka kewaye ta da ƙaya aka shuka albasa.

Ranar Lahadi mukan yi sujada a gindin dogon yaro na tsakar gida, don majami'a tana da nisa, mai bishara kuma sai jefi-jefi yake zuwa a kan kekensa. Kaka ne ke buɗe Littafi, yana bin layi da yatsa, karatunsa a hankali kamar mai tsallaka ƙaya. Lahadin nan ya ba mu labarin Ishaku ɗan Ibrahim. Ya ce yunwa ta faɗo, Ishaku ya so ya bar ƙasar, Allah ya ce ya zauna inda yake baƙo, zai kasance tare da shi. Ya haƙa rijiya, makiyayan wurin suka ce ruwansu ne, ya bar musu. Ya haƙa ta biyu, suka sake tasowa, ya bar musu. Ya matsa gaba ya haƙa ta uku, ita kam ba wanda ya yi gardama a kanta, sai ya gane Allah ya buɗa masa wuri. Kaka ya rufe Littafi ya ce Allah yana da shiri a kanmu, kuma ba da faɗa ake ƙwato shi ba.

Baba yana tonon ƙasa da kara, bai ɗago ba. Can ya ce, "Baba, Ishaku yana da garke, yana da bayi masu haƙa masa. Mu hannu huɗu gare mu."

Kaka ya ce, "To, da huɗun za mu haƙa."

Ni kuwa labarin ya shige ni. Yarinya ce ni, na ɗauka Littafi kamar kwatancen hanya ne, in ka bi ɗaya da biyu dole ka iske uku. Har na riƙa ƙirgawa da yatsuna ina gaya wa Inna saura biyu.

Ta biyu suka haƙa ta a gefen burtali, hanyar da shanu ke bi, inda Kaka ya ce ba gonar kowa ba ce. Ta fi ta farko zurfi, ta ci musu ƙarfi, Baba ya rame har ƙasusuwan wuyansa suka fito. Ruwa ya zo. Washegari shanu suka zo, don dabba tana jin ƙamshin ruwa tun daga nesa. Makiyayan da ke zaune arewa da mu, masu kiwo da noma, su ma dabbobinsu na mutuwa ne a shekarar. Arɗonsu, wani tsoho siriri mai sanda, ya yi wa Kaka magana da ladabi. Ya ce burtali na shanu ne tun kakanni, duk ruwan da ya fito a cikinsa na shanu ne, mu ɗiba in sun gama. Shanu kuwa ba sa gamawa. Kafin yamma bakin rijiya ya zama caɓi da kashi, mun koma ƙarshen layi, wannan karon bayan dabbobi.

A nan ne na ga Baba ya ɗauki dagi da wata irin fuska, Kaka ya sha gabansa ya riƙe dagin, suka tsaya suna kallon juna har Baba ya saki. Kaka ya bar musu rijiyar, har da kwamin itacen da ya sassaƙa na shayar da dabbobi. Ina ganin abin ya taɓa arɗon, don bayan 'yan kwanaki ya zo da kansa. Yana da wani tudu yamma da gari, tsohon mashekarinsa inda shanunsa ke kwana a da, yashi zalla, ko ƙarangiya da ƙyar take fitowa. Ya kira liman da mai gari da dattawa, a gabansu ya ce ya ba Mai Rijiya tudun nan kyauta, ba aro ba, shi da jikokinsa. Wasu suka yi murmushi, don wa zai nemi ruwa a kan tudu? Kaka ya zaga wurin, ya durƙusa ya duba inda tururuwa ke fito da ƙasa, ya duba wani ɗan gawo da ya ƙi mutuwa, ya ce akwai ruwa, sai dai yana da nisa.

Na yi ta tsalle ina cewa ta uku, ta uku.

Yashin tudu ba ya tsayuwa da kansa. Kana haƙa kana jera itace a bango, gumagumen goriba da rassa, kana cusa gamba a bayansu don kada ya zubo. Ba a sauka ƙasa da inda itace ya tsaya, wannan ita ce doka ta farko a sana'ar, na sha jin Kaka yana faɗa. To amma itace na masu gona ne, mu kuma ba mu da gona. Abin da suka tsinto a daji da wanda arɗo ya ba su ya kai su nesa, sannan ya ƙare. Gwiwoyin Kaka sun riga sun gaza, don haka Baba ke sauka, Kaka na riƙe da igiya, ni da Inna muna zubar da yashin da ake jawowa. Bazara ta kai maƙura, gajimare yana taruwa a gabas yana watsewa, cikin Inna ya tsufa.

Da hantsi ne. Baba ya aiko da ƙwarya cike da yashi, da Kaka ya miƙo mini ita sai na ji sanyi a tafin hannuna. Fari ne, jiƙaƙƙe. Na kai hanci na shaƙa, na ruga na kai wa Inna ita ma ta shaƙa, ta yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba. Kaka bai yi dariya ba. Ya leƙa ramin ya ce, "Ka wuce itace. Fito haka nan, mu nemo wani."

Muryar Baba ta taso daga ƙasa, ƙarama, kamar daga cikin tulu. "Kamu ɗaya ya rage, Baba. Ina jin sanyinsa a ƙafata."

Kaka ya buɗe baki zai sake magana, ya dubi Inna da cikinta da busasshen leɓenta, sai ya fasa. Bai ja igiyar ba.

Mutane suna zaton irin wannan abu da ƙara yake zuwa. Ba ƙara. Wani sauti ne mai laushi, kamar an kwance bakin buhun gero. Ƙura ta taso daga ramin a hankali, igiya ta miƙe a hannun Kaka ta yi tauri. Ya ja, ya kafa ƙafa ya ja, ya naɗe ta a damtsensa ya ja har fata ta sulluɓe. Inna ta kama bayansa, ni na kama bayan Inna. Ko motsi igiyar ba ta yi ba.

Ihun Inna ne ya tara gari. Zan faɗi gaskiya a kansu, don sun cancanta: ba wanda ya zauna a gida. Liman ya zo ya naɗe rigarsa ya shiga ɗibar yashi da hannu. Makiyaya suka bar shanunsu. Ƙannen mai gari suka zo da fartanya da kwanduna, dogon nan mai tsage shi ne ya fara sauka. Har tsohuwar nan mai ɗauraye bakin rijiya, ita ta rungume Inna ta danne ta a ƙasa don kada ta faɗa ramin. Suka yi ta kwasa, amma yashi in ka kwashi kwando ɗaya biyu ne ke zubowa. Bakin ramin ya yi ta faɗi, itatuwan bango suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Washegari bango ya sake zubowa ya rufe dogon har ƙirji, da ƙyar aka fizgo shi yana aman ƙasa.

Daga nan dattawa suka zo suka tsuguna gaban Kaka. Ko a ci gaba ko a tsaya, daga bakinsa suke jira. Shi ne masanin rijiya a duk yankin, shi ne kuma uban wanda ke ciki, maganar tasa ce. Yana zaune a bakin ramin tun jiya, igiyar na hannunsa, jini ya bushe a kanta. Ya dubi samarin da ke shirin sake sauka, 'ya'yan mutane, ya daɗe yana dubansu.

Ya ce, "A bari."

Ya naɗe ragowar igiyar a hankali, ya sunkuya ya ajiye ta a kan yashin kamar mai kwantar da jariri. Aka cike ramin. Mai bishara bai iso ba sai bayan an gama, don haka Kaka ne ya yi wa ɗansa addu'a da bakinsa, muryarsa na karyewa yana ɗorawa. Musulmin garin suka ja gefe suka tsaya, ba wanda ya tafi har ya ce amin. A daren farko na damina Inna ta haifi ƙanena.

Muka tashi daga gefen gari muka kafa bukkoki a kan tudun, kusa da tulin ƙasar da aka kewaye da ƙaya. Ba wanda ya yi gardama a kan rijiya ta uku. Wa zai yi jayayya da kabari?

Na daina amsa sunan amarya. In ya kira ni sai in yi kamar ban ji ba, in ajiye masa tuwo in juya. Na tsane shi, ba zan ɓoye maka ba, na tsani haƙurinsa, na tsani muryarsa in yana waƙar sujada da safe kamar ba abin da ya faru. Na riƙa cewa a raina da ya yarda an je gaban sarki, da ya bar Baba ya yi faɗa a burtali, da ya ja igiya tun da ya ga yashi ya jiƙe. Wata rana bayan girbi yana zaune yana tufka, ya ce, "Amarya, ba ni ruwa." Sai abin ya ɓalle mini.

Na ce, "Kai ka ce ta uku ce ta sakewa. Kai ka ce mai igiya ba ya saki."

Inna ta daka mini tsawa daga madafa, ya ɗaga mata hannu. Ya ajiye kabar, ya buɗe tafukansa yana kallon tabon.

Ya ce, "Ban saki ba. Ban saki ba, kuma ban fitar da shi ba. Iyakar hannuna ke nan. Ishakun nan, yana yaro an taɓa ɗaure shi a kan itace, sai Allah ya ba da rago a madadinsa. Ranar nan na duba tudun nan gabas da yamma, amarya. Ban ga rago ba."

Na ce, "To don me kake yi masa waƙa?"

Ya ce, "Mu mun ji labarin Ishaku ne bayan ya ƙare. Shi da yake cikin rami bai san wace ce ta ƙarshe ba. Ni ma a gindi nake yanzu, sama kamar faifai, ban ga fuska ba, ban gane shirin ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce na gane ba. Amma in na kwance igiyarsa daga ƙuguna, ta wa zan ɗaura? Babanki yana inda hannuna bai kai ba. Dole in yarda akwai hannun da ya kai."

Ban kawo masa ruwan ba. Inna ce ta kawo.

Da rani ya zagayo ya ɗauki dagi ya auna wuri a kan tudun, nesa kaɗan da kabarin, ya fara haƙa, tsoho mai rawar gwiwa. Inna ta yi kuka ta roƙe shi, bai fasa ba. Ya ce ɗansa ya ji sanyin ruwa a ƙafarsa, kuma ɗansa ba ya ƙarya. Kafin ya kai ƙugu sai ga amalanken shanu ɗauke da gumagumen goriba, dogon nan mai tsage yana kora. Daga gonar da suka karɓe ya saro su. Bai yi dogon bayani ba, ya sauke, ya tuɓe riga, ya ce, "Mai Rijiya, kai ka san ƙasa, ni ina da ƙarfi. Ka riƙe mini igiya." Wasu gidajen ma suka kawo itace, har ya yi yawa. Na tsaya daga nesa ina kallon tulin itacen nan, ina tunanin kaɗan daga cikinsa da ya zo bara, da ina da uba.

Ruwa ya fito, garai-garai, mai daɗi, wanda babu irinsa a yankin. Ko a shekarun da rijiyar gari ta ƙafe, tamu ba ta ƙafe ba, gari duka ya dawo yana hawo tudunmu da tuluna. Kaka ya ce a rijiyarsa babu na gaba babu na baya, wanda ya riga zuwa shi ke ɗiba. Ni kam na ƙi sha. Na gwammace in gangara rijiyar gari in bi layi in sha laka. Inna ta zuba mini ido na wani lokaci, sai wata rana tana shayar da ƙanena ta tura mini moɗa da ƙafa, ta ce, "Ki sha. Babanki ne ya gano shi." Na sha ina kuka, rabi yana zuba a ƙirjina.

Kaka bai daɗe sosai ba bayan haka. An binne shi gefen ɗansa, Inna ma daga baya ta bi su. Yanzu in ka je tudun ba za ka gane shi ba. Ƙanena ya dasa mangwaro da dogon yaro, tun da wurin namu ne ba mai hana shi. Wasu masu bi, Kirista irinmu, sun zo sun zauna, akwai ɗan ɗakin sujada mai rufin kwano. Garin ya samu famfo mai aiki da hasken rana, mata suna murɗawa ruwa na zuba, ba mai tuna wane gida ne na farko. Sana'ar Kaka ta mutu, samari sun tafi Agadas da Libiya, wanda ya rage kuma kabu-kabu yake yi. Ba na baƙin ciki da famfo, kada ka ji ni da wata magana. Duk abin da zai hana ɗan wani sauka cikin yashi, ina maraba da shi.

Abin da ba na jurewa shi ne a sa wa labarin zuma. Wani matashin fasto ya taɓa ba da shi a gabana, ya ce ku dubi shirin Allah, an hana su biyu an ba su wadda ta fi. Jama'a suka yi tafi. Da aka tashi na ja shi gefe na ce, ɗana, in za ka faɗa ka faɗa duka, akwai mutum a ƙarƙashin tudun nan da igiya a ƙugunsa. Ba na cewa Allah ba shi da shiri. Na tsufa ina gaskata yana da shi. Sai dai ban taɓa ganin inda aka auna mini ruwa da uba aka ce sun yi daidai ba, kuma Kaka ma bai taɓa cewa haka ba. Abin da ya koya mini ya fi haka wuya, wato ka ci gaba da dogara ga Allah alhali ba a yi maka bayani ba.

Masu foraji sun gama aikinsu a yini guda, yara suna ta ihu cikin ruwa, ba wanda ya ko ƙuje. Na gode wa Allah, na koma ɗaki na rufe ƙofa.

Mun samu abin da muka nema. Ba mai ce mana ku tashi daga tudun nan, mu ma kuma ba mu iya tashi. Na riga na gaya wa 'ya'yana inda za su kai ni. Kowace shekara da bazara nakan hau mota in je, in ƙi famfo, in karɓi guga a hannun matar ƙanena in jawo da kaina, in zauna kusa da tulin ƙasar nan da moɗa a hannu. Ruwan har yau daɗi gare shi, kuma har yau da ƙyar yake wuce mini maƙogwaro. Amma ina sha.